Kuɗin Kaka Da Hasken Sabon Gari



Mu mutanen fadamar Haɗeja mun san wahalar da ke cikin buhu ɗaya na shinkafa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan kogi ba ya zuwa yadda kakanninmu suka saba. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsaye jan-baki suna jiran hatsi ya nuna, ambaliyar 2022 kuwa ta cinye gonaki da gidaje. Duk wanda ya kai ga girbi, alherin Allah ne.

To, kaka ta yi, sai mu ɗora tattasai zuwa kasuwar 'Yankaba, ko riɗi zuwa Dawanau a Kano. An sayar, kuɗi ya shiga aljihu, rana ta faɗi. Sai aboki ya ce, mu leƙa Sabon Gari mu huta. Can a France Road fitilu suna haske, kiɗa yana tashi, ƙanshin tsire ya cika hanya, ga mashaya a buɗe, ga shagon caca na ƙwallo. Ba wanda ya san mu a wurin. Nan ne gwajin yake.

Ba mu ce shiga gari zunubi ne ba. A unguwar nan akwai majami'u da yawa, da masu neman abincinsu da gaskiya. Amma gumin wata shida yana iya ƙarewa a dare ɗaya. Kuɗin nan ba namu kaɗai ba ne. A cikinsa akwai kuɗin makarantar yara, da maganin tsohuwa, da bashin taki, da irin baɗi. Ɓataccen ɗa na Luka sura 15 shi ma a ƙasa mai nisa ya watsar da nasa, inda idon gida ba ya kai.

Saboda haka, kafin mu hau mota mu ƙidaya abin da ke hannu tare da matanmu. Mu tafi da ɗan'uwa mai tsoron Allah. Mu san inda za mu kwana tun da rana. Ubangiji da yake ganinmu a bakin kogi, yana ganinmu a France Road.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare ƙafafunmu, ka komo da mu gida da amanar iyalinmu. Amin.