Wiwi da Mai Juna Biyu

Jama'ar Jangebe da kewaye, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya gano mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya, kuma duk masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce. Kullum samari muke kallo, mun manta da mai juna biyu. Sinadarin THC da ke cikin wiwi yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, yana kuma fita a nono. Likitoci sun danganta shi da haihuwar bakwaini da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Maigida, in ka busa a ɗaki, matarka ma ta shaƙa. Malaman awo, ku tambaye ta game da wiwi a keɓe, ba gaban uwar miji ba.