Dabba Mai Ƙwai, Kuma Mai Shayarwa

Ya 'yan'uwa matasa, kowa ya san saniya tana da kan nono 4, akuya 2. To, a ƙasar Ostireliya akwai wata dabba, filatifus, mai baki irin na agwagwa. Ƙwai take yi, ba ta da kan nono ko ɗaya, amma tana shayarwa! Nonon yakan tsattsafo ne ta fatar cikinta, 'ya'yan su riƙa lasa.

Da aka kai fatarta Ingila, masanin da ya duba ta a 1799 ya yi zargin ɗinkin 'yan damfara ne. Sai a 1884 aka tabbatar da cewa tana yin ƙwai.

Don haka 'yan'uwa, kada ku yi gaggawar ƙaryata abin da ba ku taɓa gani ba. Ku bincika tukuna.