Narambaɗa ba shi kaɗai yake waƙa ba



Akwai wata ƙungiyar mawaƙan funk a Amurka, Kool & the Gang. An kafa ta a 1964, da 'yan'uwa biyu a ciki, Robert da Ronald Bell. Waƙarsu "Celebration" ta fito a 1980. Ka duba faifansu, za ka ga shekara, da wanda ya busa ƙaho, da wanda ya buga ganga.

To mu dawo gida. Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, shi ma ƙungiya gare shi: masu kotso da 'yan amshi. Amma dubi Bakandamiyar da ke cikin wayarka. Sunan wa ke jiki? Nasa kaɗai. Babu shekara, babu sauran mutanen.

Dattawan da suka san su suna ƙarewa, ga rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyukanmu daga Shinkafi har Zurmi. Don Allah, ɗan'uwa, wannan makon ka zauna da kakanka. Kunna rikoda, tambaye shi su wa ke amshi, ka rubuta sunayen.