Shallum da 'Ya'yansa Mata

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Nehemiya, sura 3. Yawancinmu mukan tsallake wannan sura, gama cike take da sunaye masu wuyar faɗi. Amma in muka daure muka kai aya 12, za mu tarar da Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, yana gyaran nasa sashen garu. Waɗanda suka taya shi kuwa 'ya'yansa mata ne.

Abin da ya tuna mana da ayan nan shi ne labarin waɗansu mata a ƙasar Amurka. Ran 29 ga Agusta, 2005, wata babbar guguwa da aka kira Katrina ta afka wa kudancin ƙasar. Birnin New Orleans a kwari yake, shingaye ne suke tare masa ruwa. Da shingayen suka fashe, ruwa ya mamaye wajen kashi 80 cikin 100 na birnin. Guguwar ta kashe mutane fiye da 1,000. A gundumar St. Bernard, maƙwabciyar birnin, da wuya a sami gidan da ruwa bai shiga ba.

Ruwa ya janye, 'yan jarida suka koma gida, amma wahalar masu gidaje ba ta ƙare ba. Gidan da ruwa ya daɗe a cikinsa yakan ruɓe, ya yi fumfuna. Dole a ɓamɓare bangonsa har sai katako kaɗai ya rage, a kankare, a bar shi ya bushe, kana a sāke kafa bango, a yi daɓe, a shafa fenti. A 2006 aka kafa wata ƙungiya mai suna St. Bernard Project domin wannan aiki. Cikin masu zuwa taimako kyauta akwai sistoci na ɗarikar Katolika, daga jihohi dabam dabam. Sukan zo su yi mako guda suna aiki, su koma, wata shekara su sāke dawowa. Da yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan jiyya, waɗansu har furfura ta fito musu. Aka koya musu riƙon guduma da burushin fenti, suka koya, suka yi.

Watakila wani zai ce, ai ba ɗarikarmu ba ce. To, mu tuna Ubangiji da kansa ya ɗauki Basamariye ya koya wa masanin Attaura ma'anar maƙwabci. Kada girman kai ya hana mu koyo.

Na fari, Allah ba ya jiran gwanaye. Cikin masu ginin garun Urushalima akwai firistoci, da maƙeran zinariya, da mai haɗa turare. Ba sana'arsu ba ce, duk da haka garun ya kammala cikin kwana 52. Waɗanda Littafi Mai Tsarki ya ambata da abin kunya su ne manyan Tekowa, da suka ƙi sa hannu.

Na biyu, ƙauna ta gaskiya takan dawo. Ranar da masifa ta auku kowa yakan zo jaje. Bayan wata shida fa, wa yake tunawa? A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya ci babban sashen Maiduguri. Ba sai mun je nesa ba ma, kowace damina ɗakunan ƙasa suna faɗuwa a ƙauyukanmu. Mukan ce wa gwauruwa, “Allah ya kiyaye gaba,” mu karɓi baiko sau ɗaya, mu wuce, ita kuwa tana kwana a zauren maƙwabta da 'ya'yanta. Yakubu, cikin sura 2 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa masu sallamar matalauci da fatan alheri kawai.

Ba muna cewa gini yana ba da ceto ba. Ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya ga Almasihu. Amma wanda aka cece shi, an cece shi domin ayyuka nagari.

'Yan'uwa, kakanninmu sun san gayya. Bari dattawan kowace ikkilisiya su zaga su ƙidaya ɗakunan da suka rushe, na masu bi da na waɗanda ba su bi ba. Da rani a sa rana. Zumuntar mata su ɗebo ruwa, matasa su kwaɓa ƙasa su buga tubali, mai hali ya sayi kwano, fasto ma ya naɗe hannun riga.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana jajen baki. Ka ba mu zuciya da hannu irin na 'ya'yan Shallum, domin mara ɗaki ya sami wurin kwana, sunanka kuma ya sami ɗaukaka. Cikin sunan Yesu, amin.