YAWON SAFE BAYAN HADARI



Daren jiya hadari ya taso mana daga gabas nan Maraɗi, da iska da ƙura da tsawa, har kwanon wata rumfa ya tashi ya fāɗa cikin gidan maƙwabta. Da gari ya waye na sa takalmi na gangara wajen gulbi. Ƙura duk ta kwanta. Ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi suna ta kuka cikin kududdufai, ga shamuwa tana kiwo a bakin gona. Na tsaya gindin wani gawo. Shi dai gawo halinsa dabam ne: sa'ad da sauran itatuwa su ke yin ganye da damina, shi zubar da nasa ya ke yi, sai da rani ya yi kore. Domin haka ne gero ya kan yi kyau a ƙarƙashinsa.

To, ɗan'uwana mai rumfa, da kai ni ke. Tun hantsi kana zaune bisa tabarma, kana awo, kana ƙirgar kuɗi, har almuru. In za ka gida, babur. Ƙafa ta manta aikinta. Ke ma uwargida mai sayar da abinci, yini ki ke kan kujera gaban tukunya. Ba a jin ɓarnar yawan zama da wuri. Sai wata rana likita ya ce hawan jini ne, ko ciwon sukari, sa'an nan ribar shekara ta tafi wajen magani, yara kuwa suna jiran kuɗin makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane mako. Watau rabin sa'a ke nan, kwana biyar. Ba gudu ba ne. Tafiya ce da ɗan sauri, har numfashi ya ƙaru, amma kana iya gaisawa da wanda ka gamu da shi. Kafin masu ciniki su fito ka dawo.

Amma a yi hankali, gama safiyar bayan ruwa tana da nata haɗari. Maciji ya kan fito sa'ad da ruwa ya cika raminsa, kada ka taka ciyawa ba takalmi. Wayar lantarki da iska ta kayar, kada ka matsa kusa da ita. A hana yara wanka cikin tafki, nan a ke ɗaukan tsargiya. Gulbi kuwa, kada ka ce jiya rairayi ne, yau ka ƙetare. Ruwansa daga wajen Katsina ya ke zuwa, ya kan cika ba labari. Shi ne ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945, har mutane suka hau tudu suka sāke gini.

Ni dai na tsaya daga gefe na dube shi, jajawur, yana tafe da rassan itace. Sa'an nan na juyo gida, na tarar an dama koko.