Kiɗan Hip-Hop: Mu Saurara Kafin Mu Yanke Hukunci



A gidajenmu da yawa ana ta ce-ce-ku-ce tsakanin iyaye da 'ya'ya a kan kiɗan da ake kira hip-hop. Kafin mu tsawata, ya kamata mu san asalinsa.

An haife shi ne a unguwar Bronx ta birnin New York, a Amurka. A ranar 11 ga Agusta 1973, wani saurayi ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a wurin wasan da ƙanwarsa ta shirya don ta sami kuɗin kayan makaranta. Ya haɗa faifai biyu, yana maimaita wurin da ganga take tashi ita kaɗai, yana kirari a bisa kiɗan. Unguwar kuwa ta baƙar fata ce da baƙin haure, ga talauci, ga gobara, ga rashin kulawar hukuma. A 1982 waƙar “The Message” ta Grandmaster Flash da ƙungiyarsa ta kai kukansu kunnen duniya. Mu da muke marasa rinjaye inda muke zaune, ai mun san zafin a yi magana ba mai ji.

Gaskiya ne, da kuɗi ya shigo, waƙoƙi da yawa suka koma ashar, yabon bindiga da wulaƙanta mata. Wannan ba za mu yarda da shi ba. Amma wasu sun ɗauki wannan salo suna bishara da shi. A 2013 Lecrae ya karɓi lambar Grammy saboda faifansa na bishara, “Gravity”. A ƙasarmu ma, M.I da ƙanensa Jesse Jagz, da suka yi suna a wannan kiɗa, 'ya'yan fasto ne da suka tashi a Jos. Ashe abin ya daɗe da shigowa gidanmu.

Dattawanmu sun tuna lokacin da ake ɗari-ɗari da ganga a majami'a. Yau wa zai raba zumuntar mata da gangarsu?

Saboda haka roƙonmu shi ne, iyaye, ku zauna da yaranku, su fassara muku abin da suke ji, ku auna kalmomin tare. Matasa, ku kawo baiwarku gaban dattawa a gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka kore su da kiɗansu, waje zai karɓe su.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.