Ɗan Ƙaramin Mutum A Gefen Hoto



Yau za mu ɗauki darasi daga wani tsohon hoto. Wanda ya yi shi sunansa Jacques Callot, mutumin birnin Nancy da ke cikin Faransa a yau. An haife shi a 1592, ya rasu a 1635, shekarar da hoton ya fito. Bisa farantin tagulla ya karce zanen, ruwan asid ya ci layukan, sannan aka shafa tawada aka buga a takarda. Sunan hoton Jarabtar Waliyyi Antoni.

Antoni ɗan Afirka ne kamarmu. An haife shi a Masar wajen shekara ta 251. Yana saurayi ya rabar da dukiyarsa, ya shiga hamada domin addu'a, ya rasu a 356. Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, shi ya rubuta tarihinsa.

Idan kuka dubi hoton, wani ƙaton dodo mai fukafukai ya rufe sararin sama yana aman aljanu. A ƙasa kuma sun yi cincirindo, ga wuta, ga hayaƙi, ga makamai. Callot ya san tashin hankali, gama sojojin Faransa sun kame garinsu a 1633. To, ina Antoni? Sai mutum ya zuba ido sosai kafin ya hango shi can gefen dama, ɗan ƙarami, aljanu suna jansa, shi kuwa yana riƙe da gicciye.

Atanasiyus ya ba da labari cewa da aljanu suka zo wa Antoni da siffar namun jeji, sai ya gane wani abu. Da suna da iko na gaske, da guda ɗaya ya isa. Yawansu da hayaniyarsu su ne shaidar rauninsu. Gwangwanin da babu kome a ciki ya fi ƙara.

'Yan'uwa, mu ma ba mu da yawa a ƙauyukanmu. Amma mu yi hankali: aljanun hoton nan ba maƙwabtanmu ba ne. Da su muke cin kasuwa, da su muke zaman makoki da na suna. Manzo Bulus ya riga ya koya mana a Afisawa sura 6 cewa abokin gābanmu ba ɗan Adam ba ne.

Jarabarmu tana zuwa cikin dare. Yaro yana zazzaɓi, wata murya ta ce mu koma wurin boka da iskokin da kakanninmu suka bari. Saurayi yana neman aiki, murya ta ce ya ɓoye sunansa na baftisma. An yi mana rashin adalci kan gona, murya ta ce mu rama. Kowacce tana zuwa da ƙara, kamar ta cika duniya.

Idan daren nan ya zo, a kai yaron asibiti, a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a. Saurayi ya faɗi sunansa ba tsoro. Maganar gona a kai ta gaban mai gari ko kotu. Antoni bai kirga aljanun ba, gicciyensa ya riƙe.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin tsayawa. Amin.